An Kama Ni a Madadin Mijina

Ni tela ce, a cikin gida nake ɗinki a wata unguwa da ke bayan ganuwar Kano. 'Ya'yana huɗu. Karatun bokona a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya, daga nan aka yi min aure, kuma tun da nake ban taɓa taka ƙofar ofishin 'yan sanda ba sai a azumin 2023. Mata da yawa sun sha tsayar da ni a gidan biki ko wajen ta'aziyya suna tambaya, wai da gaske ne na kai 'yan sanda ƙara? Shi ya sa na zauna na faɗa, babbar 'yata ta rubuta.

Maigidana dillalin riɗi ne a kasuwar Dawanau. Masu kuɗi ke ba shi jari, ya shiga ƙauyukan Jigawa ta wajen Gumel da Maigatari ya tattaro buhuna, a kawo a gyara a loda zuwa Legas. Sana'ar duk a kan yarda take, da wuya ka ga an rubuta takarda. Sai ga canjin kuɗi a farkon 2023, aka ce tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1000 sun daina aiki, sababbin kuma ba a ganinsu. Manomi a ƙauye ba ruwansa da tiransifa, tsaba yake so a hannu. Maigida ya dinga sayen tsabar kuɗi a wajen masu POS da tsada, kafin ya haɗa abin da zai isa farashin riɗi ya wuce inda ya bar shi. Kayan da ya yi wa wani Alhaji alkawari suka gaza. Alhajin ya ce shi ba ya son sauran kaya, kuɗinsa yake so, kuma gaba ɗaya. Da matsi ya yi yawa, maigida ya ce min zai tsallaka Maraɗi wajen wani da yake bi bashi. Ya tafi, wayarsa ta daina shiga.

Ranar wata Alhamis, mun yi sahur mun yi asuba, na koma na kishingiɗa da goyona, sai na ji ana dukan ƙofar zaure da ƙarfi. Ɗana mai shekara 13 ne ya buɗe. Maza huɗu, biyu da kaki biyu da kayan gida, ga yaron Alhaji a bayansu yana nuna musu hanya. Ko sallama babu. Kafin in laluba hijabi sun riga sun shigo tsakar gida, ni kuwa ɗaurin ƙirji ne a jikina. Surukata, Inna, ta fito daga ɗakinta tana cewa, "Haba bayin Allah, ku dakata mana, gidan matan aure ne!" Ɗayansu ya ce, "Mama, aiki muka zo, ba gaisuwa ba."

Suka ɗaga katifa, suka zazzage akwatuna, suka buɗe kwallayen da na jera tun na aure. Abin da suke nema su kaɗai suka sani, don ba mutum ne zai ɓuya a cikin kwalla ba. Suka ɗauki keken ɗinkina da wayata da babbar jakar da na tara ɗinkin sallar mutane a ciki, atamfofi da shadda da leshi, wasu an yanka wasu ko taɓa su ban yi ba. Babu wanda ya nuna mana takarda, babu wanda ya rubuta abin da aka ɗauka, ba a kuma kira mai unguwa ba alhali gidansa na kan layinmu.

"Ina mijinki?"

"Ya yi tafiya, Yallaɓai."

"To sa hijabinki mu tafi. In ya ji kina hannunmu zai fito da ƙafarsa."

A fili ya faɗa, a gaban maƙwabta da suka fara taruwa, ba tare da ya sassauta murya ba, don shi bai ga abin ɓoyewa a ciki ba. Abin da ya fi tsaya min a rai har yau, mu ma ba mu gani ba. Inna tana kuka tana roƙo, maƙwabta suna ba da haƙuri, amma babu mutum ɗaya da ya ce wannan abu haramun ne a doka. Dukkanmu mun ɗauka haka hukuma take aiki: in ba a samu mutum ba a ɗauki matarsa, ko ubansa, ko ƙaninsa. Haka muka taso muka gani.

Da farko a bayan kanta suka ajiye ni, da yamma aka tura ni ɗakin mata. Mu biyar ne a ciki. Wata dattijuwa ɗanta ne ya yi faɗa a wajen kallon ƙwallo ya gudu, aka zo aka tafi da ita. Wata kuma uwar adashi ce da zubi ya karye mata. Da muka gama jin labarin juna, sai muka ga mu uku daga cikin biyar ɗin babu wadda ake tuhuma da aikata komai da hannunta. Ɗan sandan da ke riƙe da maganarmu ya kira ni ya yi ta tambaya da Hausa yana rubutawa da Turanci, da ya gama ya kama babban yatsana ya dangwala a tawada ya manna a ƙasan takardar. Bai karanta min abin da ya rubuta ba. Ya ce ƙarar da aka kawo zamba cikin aminci ce, kuma tunda ina cin abincin gidan, na san inda kuɗin suke.

Goyona bai kai yaye ba. Inna ce take goyo shi safe da yamma ta kawo min a bakin kanta in ba shi nono, ina zaune a benci ina rufe shi da hijabi, masu shige da fice suna kallo. Kunu da ƙosan buɗa-baki ma sai an ba na ƙofa wani abu kafin su iso gare ni. A jikin bango, daidai saitin bencin, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. Yayana ya zo ranar Juma'a bayan masallaci ya ce zai tsaya min. Aka ce to, amma sai ya sa hannu cewa zai kawo mijina ko ya biya bashin, sannan akwai kuɗin takarda. Ya ce ba shi da halin ɗaukar bashin miliyoyi a kansa, kuma ban ga laifinsa ba. Inna ta ce ita za ta tsaya, aka yi mata dariya, wai mace ba ta tsayawa beli.

Taimakon ta hanyar jakar ɗinkin nan ya zo. Wata Hajiya da ta kawo min leshinta mai tsada ta je gida ranar Asabar don ta ga inda aka kwana, ta tarar da Inna da yara cikin jimami. 'Yarta lauya ce. Ranar Litinin da safe sai ga wata yarinya siririya da baƙar abaya da gilashi, in ka gan ta a hanya ka ce ɗalibar jami'a ce. Ta gaishe ni, ta ce, "Anti, kada ki ƙara sa hannu a komai, kada ki ƙara amsa tambaya sai ina wurin." Ta nemi ganin DPO, shugaban ofishin, aka shigar da mu tare.

Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wane laifi ake zargin wannan baiwar Allah da aikatawa, ita da kanta?" Ya ce ai ba kama ni aka yi ba, gayyata ce don in taimaka wa bincike. Ta ce, "Gayyatar da ake kwana huɗu a sel?" Sai ta ciro wani ɗan littafi ta buɗe ta ajiye a kan teburinsa, ta ce sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020, dokarsu ce ta kansu, ya hana kama wani a madadin wanda ake nema. Ta ce sashe na 32 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Ta ce daga ofishin nan zuwa kotun majistare ko kilomita 5 ba a yi ba, kundin tsarin mulki kuwa kwana ɗaya ya ba su. Ta rufe da cewa in ban fita yau ba, gobe da safe za ta shigar da takarda a babbar kotu da sunansa da na mai binciken a jiki. Mutumin ya daɗe yana kallon littafin bai taɓa shi ba. Kafin la'asar ina gida, ko sisi ba mu biya ba. Keke da waya da jaka dai aka ce shaida ne, suna nan.

Bayan salla na je ofishinta da 'yata don yin godiya, a nan ta zaunar da mu ta warware min abin da ya same ni ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 35, ya ce ba a tauye wa mutum 'yancin walwalarsa sai da dalilan da aka lissafa, kuma a cikinsu babu zama matar wanda ake nema. Duk wanda aka kama yana da damar ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, sai fa in kotu ce ta ga dalilin ƙari. Kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashen da kansa ya ce a biya shi diyya a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a. Na ce, "Barista, wannan duk a rubuce yake tun 1999?" Ta ce tun kafin nan ma akwai irinsa. Ni a 1999 ina 'yar firamare, kuma ban taɓa jin wani malami ko mai wa'azi ko ɗan siyasa ya faɗa mana ba.

Inda hawaye ya zubo min shi ne da ta zo kan maganar shiga gida. Sashe na 37 ya ce gidan mutum da wasiƙunsa da maganganunsa na waya abin kiyayewa ne. Mai son binciken gida sai ya samo takardar izini daga alƙali ko majistare, wadda ta faɗi wurin da abin da ake nema, a yi binciken a gaban shaidu biyu, a rubuta duk abin da aka ɗauka a sa hannu a ba mai gida kwafi. Sannan ta karanta min wani wuri a dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, ta fassara: idan wurin da za a shiga akwai macen da bisa al'ada ko addini ba ta fita cikin jama'a, dole mai shiga ya fara sanar da ita cewa tana iya kaucewa, ya kuma ba ta lokaci da hanyar yin hakan, sannan ya shiga. Ta ce wannan ba sabon abu ba ne, tsohuwar dokar Arewa da aka fara aiki da ita a 1960 ma tana ɗauke da shi. Wato abin da Inna take ihu a kai da asubar nan, tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa, shi ne ainihin abin da doka ta ce. Mun ɗauka kunya ce da al'adarmu muke roƙo a duba, ashe haƙƙi ne da aka rubuta aka sa wa lamba. Ita ma maganar mace ba ta tsayawa beli, Barista ta ce dokar 2015 ɗin ta hana a ƙi mutum don kawai mace ce.

Na yaba mata da ba ta yi min daɗin baki ba. Ta ce akwai inda doka ta ba 'yan sanda dama mai faɗi. In suna da dalilin yarda cewa wanda suke nema yana cikin gida, suna iya shiga ba tare da takarda ba, in an hana su har su ɓalla ƙofa. Takardar bincike kuma ana iya aiki da ita kowane lokaci, ko dare ko ranar hutu. Ta kuma ce a Najeriya, abin da aka samo ta haramtaccen bincike ba lallai kotu ta yi watsi da shi ba, Dokar Shaida ta 2011 ta bar wa alƙali ya auna ya gani. Don haka kada wani ya ɗauka in an shiga gidansa ba takarda shi ke nan ya tsira daga tuhuma. Sai dai a nawa lamarin, ko da sun shigo neman maigida, da suka ga ba ya nan aikinsu ya ƙare. Keken ɗinkina ba shi da alaƙa da riɗin kowa, ballantana leshin Hajiya.

Game da zamba cikin aminci kuwa, ta ce laifi ne na gaske a dokar Penal Code, amma shi ne rigar da masu bin bashi suka fi sa wa bashi in suna son 'yan sanda su karɓar musu. Wanda ya karɓi kuɗi ya cinye da gangan daban, wanda ciniki ya karye masa daban. Na biyun kotun farar hula ce wurinsa, kuma kotuna har da Kotun Ƙoli sun sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne.

Maigida ya dawo ana saura kwana biyu salla, bayan labari ya iske shi. Ba zan ɓoye ba, na yi wata guda ban yi masa maganar kirki ba. Tsoro ne ya kore shi, na sani, amma wanda ya kashe waya ya san a kan wa ruwan zai sauka. Barista ta raka shi ofishin da kansa, ya ba da bayani a gabanta, aka ba da belinsa a ranar. Daga baya dattawan kasuwa suka zauna da shi da Alhaji, aka lissafa abin da ya kawo da abin da ya rage, aka yanka masa biya kaɗan-kaɗan duk kaka. Zaman da bai wuce tsakanin azahar da la'asar ba. Da shi aka fara, da babu wanda ya kwana a sel.

Da na ce zan kai ƙara, gida ya rabu biyu. Babana ya ce, "Ke talaka ce 'yar talaka, ki bar wa Allah. Wanda ya ja da hukuma shi ke kwana ciki." Maigida yana tsoron kada Alhaji ya fasa sulhu. Yayana ya ce za a sa mana ido a unguwa. Inna ce kaɗai ta ce in je, ita da aka yi wa dariya a bakin kanta. Ni kuma abin da ya tsaya min shi ne mutane. Sallar nan mata fiye da goma ba su sa sabon kaya ba saboda ni, wasu na biya su da kuɗin da na ranta, wasu har yau ba su sake kawo min ɗinki ba. A unguwa kuma ba a cewa an zalunce ta, cewa ake ai ta kwana a caji ofis. Ina son takardar da alƙali ya sa wa hannu cewa ban yi komai ba.

Shari'ar ba irin wadda nake gani a fim ba ce. Barista ta ce sashe na 46 ya ba duk wanda aka taɓa masa irin waɗannan haƙƙoƙi damar zuwa babbar kotu kai tsaye, kuma ƙa'idojin shari'ar haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun sa ana yin ta ne da rubutacciyar rantsuwa. Na faɗi labarina aka rubuta, aka karanta min da Hausa, na rantse na sa hannu. Inna da maƙwabcinmu ɗaya suka yi nasu. Ban taɓa shiga akwatin shaida ba. Aka haɗa da 'yan sandan da shugabanninsu da Alhaji, don ta ce wanda ya ɗauko 'yan sanda ya nuna musu gida a kan bashi shi ma yana da nasa kason. Aka yi ta ɗagawa, yau lauyansu bai zo ba, gobe alƙali yana taro, jibi hutun kotu. Da suka kawo amsa, cewa suka yi ban kwana ko ɗaya a wurinsu ba. Abin da ya karya su shi ne takardar nan da aka dangwala min yatsa, tana ɗauke da kwanan watan Alhamis, takardar sallamata kuma ta Litinin.

A 2024 aka yanke hukunci. Alƙali ya ce kamun da tsarewar da shiga gidan da kwashe kayan duk sun saɓa wa kundin tsarin mulki. Ya ce a mayar min da kayana, a biya ni diyya, a buga ban haƙuri a jarida. Kuɗin bai kai rabin abin da muka nema ba. Keke ya dawo da tsatsa, babu fedarsa. Jakar ta dawo, amma shadda biyu da leshin Hajiya ba sa ciki, aka ce ba a san da su ba, tunda dama ba a rubuta komai ba ranar da aka ɗauka. Waya ba ta dawo ba.

Alhaji ya biya nasa kason cikin wata biyu, ta hanyar cire shi daga bashin da yake bin maigida, ni kuma na sa maigida ya rubuta min takarda a gaban Yayana cewa yanzu ni nake binsa. Na 'yan sanda kuwa har yau shiru. Barista ta ce akwai wata tsohuwar doka da ta ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati don biyan hukuncin kotu sai an samu amincewar Antoni Janar, wato sai gwamnati ta yarda a cire daga aljihunta. Ta rubuta takardar neman amincewar, ta sake rubuta ta tuni. Ban haƙurin ma ba a buga ba, 'yata tana duba jaridu a waya lokaci-lokaci.

Dattijuwar nan da muka kwana tare na neme ta bayan na fito, na same ta a wata unguwa ta gabas da mu. Ita sai da 'yan uwanta suka sayar da tunkiya kafin aka sake ta, ɗan nata kuma ya dawo da kansa daga baya aka sasanta. Na ba ta lambar Barista, na kuma gaya mata akwai hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, duk suna da ofis a Kano. Ta karɓi takardar ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce za ta yi shawara da 'ya'yanta maza. Da na sake bi ta kanta a watan Rajab, ta ce sun ce a bar maganar.